Ƙwacen waya da daba a Kano: kisa, afuwa ko gyaran shari'a, wanne za mu nema?

Duk lokacin da aka soke wani a Kano saboda waya, kira ɗaya ne ke cika gidajen rediyo da Facebook: a kashe su kawai. Bayan kwana biyu, idan zukata sun ɗan yi sanyi, sai wata murya ta taso tana cewa yaran nan namu ne, a kira su a yi musu afuwa a koya musu sana'a. Akwai hanya ta uku da ba kasafai ake buga waya rediyo a kanta ba, domin ba ta da daɗin faɗi: a gyara bincike, a gyara yadda takardar ƙara ke tashi daga caji ofis ta isa gaban alƙali, har ya zama duk wanda ya zare wuƙa ya san da wuya ya sha.

Kwamitin tsaron unguwa da zai je gaban shugaban ƙaramar hukuma, da limamin da zai hau mumbari, da ƙungiyar 'yan kasuwar da ɗan takara zai zo neman goyon bayanta kafin zaɓen 2027, dole kowa ya zaɓi abin da zai sa a gaba. In ka miƙa wa ɗan siyasa buƙata uku, mafi sauƙi zai ɗauka ya yi bikinta, sauran ya ce suna nan tafe.

Mu fara da kisa, tunda shi ne ya fi magoya baya. Abin da masu wannan kira da yawa ba su sani ba shi ne, abin da suke nema yana cikin doka tun kafin a haife su. Dokar fashi da makami ta tarayya ta samo asali ne daga dokar soja ta 1970 zamanin Janar Gowon, aka sabunta ta a 1984. Wanda ya yi fashi ba tare da makami ba, ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. Wanda ya yi da bindiga ko wani makami mai illa, ko ya raunata wani, hukuncinsa kisa. Wuƙa, adda, gariyo, ɗanbuda, babu wanda ya fita. A watan Mayun 2023, ana gab da miƙa mulki, majalisar tsaron jihar Kano ta ayyana cewa ƙwacen waya fashi da makami ne. Dokar shari'ar Musulunci da jihar ta kafa a 2000 ita ma tana da babin hiraba, wato fashi. Ashe a takarda ba abin da ya rage a tsananta.

An kuma taɓa aiwatar da shi da gaske. A 1971 aka ɗaure Ishola Oyenusi a jikin ganga a bakin teku na Bar Beach a Legas aka harbe shi, dubban mutane suna kallo. Shekara 16 bayan nan, a 1987, sai ga shi ana harbe Lawrence Anini a Benin, bayan ya addabi yankin har shugaban ƙasa na tambayar sufeton 'yan sanda ina yake. Shari'ar Anini ta tona wani abu da ya fi harbin muhimmanci: wani babban jami'in ɗan sanda ne ke ba shi makamai da bayanai. Harbi a bainar jama'a bai hana a haifi wani ɗan fashin ba, muddin akwai mai ɗaure masa gindi.

Yau kuwa ba a ma aiwatarwa. Mutum fiye da 3,000 ne ke zaman jiran igiya a gidajen yarin Najeriya, gwamnoni ba sa sa hannu. Na ƙarshe da aka rataye su ne mutum uku a jihar Edo a watan Disambar 2016.

Amma babbar matsalar wannan hanya tana cikin aikin kotu ne, kuma nan ya kamata mai zaɓi ya tsaya ya duba da kyau. Majistare ba shi da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne. Da zarar ɗan sanda ya rubuta "fashi da makami" a takardar tuhuma, iyakar abin da majistare zai yi shi ne ya tura wanda ake zargi gidan yari, Kurmawa ko Goron Dutse, ya ɗage zama. Daga nan sai a kwafi fayil a aika Ma'aikatar Shari'a, lauyan gwamnati ya karanta ya ba da shawara ko akwai hujjar gurfanarwa, sannan a shigar da ƙara Babbar Kotu, a jira layi. Kowane mataki yana iya cin watanni. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira suke. Kafin a kira shaida, wanda aka ƙwace wa wayar ya sayi wata, ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jihar, mai shagon da ya ga abin da idonsa ya ce shi bai ga komai ba. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta amince da kafa kotunan tafi-da-gidanka don masu ƙwacen waya. Manufar sauri ce, kuma tana da kyau. Sai dai irin wannan kotu ba ta yanke hukuncin kisa. Dole a zaɓi ɗaya: ko a tuhumi mutum da ƙaramin laifi a gama da shi cikin mako guda, ko a tuhume shi da babba a shiga dogon layi. Masu cewa a yi sauri kuma a kashe suna neman abu biyu ne da ba sa tafiya tare.

Ga kuma halin mutane. Maƙwabci zai iya tsayawa a kotu ya ba da shaida a kan ɗan maƙwabcinsa in ya san shekara biyar za a ɗaure shi. In ya san igiya ce, kuma gobe zai haɗu da uban yaron a sahun Asuba, shiru zai yi. Shi ma alƙali, in doka ba ta bar masa wani hukunci ba sai kisa, ƙaramin kokwanto ya ishe shi ya sallami mutum, kuma ba za a ga laifinsa ba. Mafi muni, in hukuncin ƙwace da na kisan kai ɗaya ne, me zai sa mai wuƙa ya bar wanda ya gane fuskarsa da rai?

Ba na raina fushin masu wannan ra'ayi. Wanda ya je Asibitin Murtala ya ɗauko gawar ƙaninsa saboda wayar da ba ta kai naira dubu ɗari ba, ba ka isa ka karanta masa sashen doka ba. Kuma suna da misalin da suke kafa hujja da shi, wato El Salvador. Daga watan Maris na 2022 Shugaba Bukele ya kafa dokar ta-ɓaci ya kama mutum sama da 80,000. Ƙasar da a 2015 ake kashe fiye da mutum 100 cikin kowane 100,000 ta dawo wajen mutum 2. Wannan gaskiya ce, ba farfaganda ba. Amma a lura da biyu. Ba kisa ya yi ba, kamu ya yi, wato ya sa kowane ɗan daba ya tabbata za a zo kansa. Sannan shi da bakinsa ya ce an saki mutum 8,000 da aka gano ba su da laifi. Adadin da ya kama a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan shida da ɗoriya ba ya kai kusan duk waɗanda ke gidajen yarin Najeriya baki ɗaya. Ina za mu zuba su? Mu da muka ga yadda SARS, rundunar 'yan sandan yaƙi da fashi, ta kasance har aka rushe ta a watan Oktobar 2020, mun san wa ake fara kwashewa idan aka ba jami'i wuƙa da nama: ɗan talaka mai tara gashi da ke tsaye bakin layi, ba yaron da ke da lambar wayar wani babba ba.

Ɗan'uwan wannan ra'ayi shi ne a bar jama'a su yi hukunci da hannunsu. A kan wannan ba sai an ja magana da Bakano ba. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida Kano yin Sallah, aka kira su masu satar mutane, aka ƙone su. Waɗanda suka yi haka su ma cewa suka yi hukuma ta gaza.

Sai hanya ta biyu, afuwa. A 2023 kwamishinan 'yan sanda Muhammad Usaini Gumel ya gayyaci shugabannin daba su ajiye makamai. Mutum 222 aka lissafa a matsayin tubabbu, aka horar da 50 daga cikinsu aka sa musu kayan 'yan sandan sa-kai, abin da ya tayar da ƙura har Abuja. A 2025 gwamnatin jiha ta fito da nata shirin mai suna Safe Corridor, shi ma don karɓar tubabbu.

Kafin a yaba ko a kushe, sai an raba abu biyu da muke yawan haɗawa. Faɗan daba daban, ƙwacen waya daban, ko da sau da yawa hannu ɗaya ke yin su. Faɗan daba gaba ce tsakanin unguwa da unguwa: an sari namu bara, sai mun rama bana, a ranar hawan Sallah ko wajen gangi ko bayan an tashi daga ƙwallo. Irin wannan gaba, sulhu na iya kashe ta, domin da yawa daga cikin yaran sun gaji, tsoron a ce sun yi laushi ne ke riƙe da su. In manyansu suka zauna gaban mai unguwa da liman da DPO suka yi musafaha, na ƙasa sun sami hanyar janyewa ba tare da kunya ba. Haka lamarin yake ga Sara-Suka a Bauchi da Jos, da Kalare a Gombe, da Ƙauraye a Katsina. Shi kuwa ƙwacen waya kasuwanci ne. Akwai mai saye, akwai farashi, akwai ƙwayar da za a saya da kuɗin kafin dare ya raba. Musafaha ba ta rufe kasuwa.

Addini ma ya gindaya wa afuwa iyaka, kuma iyakar ta fi ta gwamnati hikima. Aya ta 33 a Suratul Ma'ida ita ce ta hukuncin hiraba, ta 34 kuma ta keɓe waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu. Kafin, ba bayan an kama su ba. Malaman Malikiyya suka ƙara bayani cewa tuban yana kayar da haddi, amma haƙƙin mutane na jini da na dukiya yana nan sai an biya ko masu shi sun yafe. A auna shirye-shiryen afuwarmu da wannan ma'auni. Sau nawa aka kira uwar wanda aka kashe aka tambaye ta ko ta yafe? Yawanci abin da muke gani shi ne tarin wuƙaƙe a kan tebur, da rantsuwa, da hotuna, shi ke nan kowa ya watse. Bayan wata uku ba jari, ba aiki, ba mai bibiya, ga dilan ƙwaya yana nan inda aka bar shi. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa da aka yi a 2018 ya ƙiyasta masu sha a jihar Kano sun haura miliyan ɗaya. Tubabben da aka mayar cikin wannan ba tare da magani ba, kamar wanke akuya ne a sake ta a turɓaya.

Inda aka yi abin da kyau, ya yi aiki. A Monrovia ta Laberiya an ɗauki samari kusan dubu masu sata da sayar da ƙwaya, aka sa wasu cikin zaman gyaran hali na mako takwas, yadda mutum zai danne fushi, ya tsara gobe, ya sauya shiga da abokai, aka kuma ba su dala 200. Shekara goma bayan nan aka koma aka duba, waɗanda suka sami zaman da kuɗin tare laifukansu sun ragu da kusan rabi. A Glasgow ta Scotland, inda wuƙa ce makamin samari kamar nan, 'yan sanda sun kafa sashen rage tashin hankali a 2005. Sukan tara 'yan daba a zauren kotu, a nuna musu cewa an san kowa da sunansa da ƙungiyarsa, likita ya nuna musu abin da wuƙa ke yi wa fuska, uwa ta faɗi yadda ta binne ɗanta, sannan a ba su lambar da za su kira in suna son aiki ko horo. Kisan kai a Scotland ya sauko daga 137 a shekarar 2004 zuwa 2005 ya koma ƙasa da rabin haka. Abin lura shi ne, tayin ya yi tasiri ne saboda yaran sun yarda cewa wanda ya ƙi karɓa za a kama shi, kuma za a ɗaure shi. In ba wannan tsoron, afuwa hutun rabin lokaci ce kafin kakar zaɓe, lokacin da masu ɗaukar yaran haya za su dawo da buhunan kuɗi.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, wadda ita nake ganin ya kamata a sa a gaba. Masu nazarin laifuka sun daɗe da cimma matsaya a kan abu ɗaya: tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. Yaron da ya sha ƙwaya ya shiga Adaidaita Sahu da abokai biyu, ɗaya a gaba kusa da direba, ɗaya ya matse fasinja a baya, ba lissafin shekara 21 ko igiya yake yi ba. Abin da ya sani shi ne, abokinsa an kama shi ranar Talata, ranar Juma'a sun ci abinci tare.

Me ya sa ake dawowa ranar Juma'a? Bi sawun ƙara ɗaya ka gani. An ƙwace maka waya da magariba. Ka je caji ofis, an tambaye ka kwali da rasit, ba ka da su domin ta hannu ka saya. An ce sai an bi sawun wayar, kuma bin sawun da kuɗi, wani lokaci ya kusa kuɗin wayar. Ka haƙura. In an yi sa'a an kama yaron, kafin gari ya waye iyayensa da dattawan layinsu sun iso gidanku da ban haƙuri da sabuwar waya a leda. In ka ƙi, wani mai faɗa-a-ji ya buga waya. In har an kai kotu, ka rufe shagonka ka je sau uku ana ɗagewa, a na huɗu ba ka je ba, aka kori ƙarar saboda babu mai ƙara. Babu inda rashin hukuncin kisa ya shigo cikin wannan labari.

Kowace ɓaraka a nan tana da abin toshe ta, kuma yawancinsu na hannun jiha. Gaskiya ne 'yan sanda na tarayya ne, gwamna ba ya ba kwamishina umarni yadda yake so. Amma Ma'aikatar Shari'a tasa ce. Shi zai ɗauki ƙarin lauyoyi, ya sa wa'adin kwanakin da fayil zai yi kafin a ba da shawara. Babban alƙalin jiha na iya ware alƙalai da za su riƙa zama kullum a kan shari'un wuƙa. Kano na da dokar tafiyar da shari'ar laifuka tun 2019, wadda aka tsara don rage irin wannan jinkiri, aiwatarwa ce ke buƙatar kuɗi da sa ido. Kuɗin motar shaida da kare shi daga barazana ba su kai kuɗin gada ɗaya ba. Mun kuma ga ana iyawa in an so. Shari'ar yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace ya kashe, an gano gawarta a watan Janairun 2022, Babbar Kotun Kano ta yanke hukunci a watan Yuli. Wata shida. Bambancin kawai idon duniya na kai.

Sai mai saye, wanda shi ne uban tafiyar. Wayar da aka ƙwace a Ɗorayi ko Kurna ba a cin ta, sai wani ya karɓa ya goge ta, ko ya farke ta ya sayar da gilashi da batir. Dokar fashi da makamin nan ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai karɓar kayan fashi, amma sau nawa ka ji an yanke wa irinsa hukunci? Masu ƙwace suna da yawa kuma kullum ana samun sababbi, masu saye kaɗan ne, suna da shago ko teburi, suna da abin da za su yi asara. Yawancin 'yan kasuwar waya ta Farm Centre da Beirut masu neman halal ne, kuma su abin ya fi ɓata wa suna. In ƙungiyoyinsu da hukuma suka tsaya kan cewa ba a sayen wayar hannu sai an rubuta lambar IMEI, wato lambar da kowace waya ke da tata, da shaidar mai sayarwa, aka kuma ɗaure mutum goma da suka karya, farashin wayar sata zai faɗi. An ga irin haka a waje: bayan kamfanin Apple ya fito da makullin da ke hana amfani da wayar sata a 2013, satar iPhone ta ragu sosai a Landan da San Francisco da New York. Kai ma danna *#06# yau ka rubuta lambar IMEI ɗinka a takarda ka ajiye a gida.

Raunin wannan hanya a bayyane yake. Tana da jinkiri, ba ta da ranar yanke kyalle, gwamnan da ya fara ta wataƙila wani ne zai ci yabon. Kuma in ba a sa ido ba, "tabbatar da kamu" kan rikiɗe ya zama kamen kan-mai-uwa-da-wabi, a cika mota da yaran unguwa a yi cinikin beli a ƙarƙashin allon da ke cewa beli kyauta ne. Saboda haka ma'auninta ba yawan waɗanda aka jera gaban 'yan jarida a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai ba ne. Yawan waɗanda kotu ta samu da laifi ne.

To, ya danganta da ciwon unguwarku. In abin da ke hana ku barci gaba ce tsakanin samarinku da na maƙwabta, ku fara da sulhu, amma da sharaɗi: wanda ke da jini a hannunsa ya fuskanci masu haƙƙi, sauran kuma a rubuta sunan wanda zai bibiyi kowannensu da sana'ar da aka sa shi, tare da gwajin ƙwaya. In ƙwace ne a bakin titi da cikin Adaidaita Sahu, sulhu ɓata lokaci ne, ku matsa a kan masu saye, kuma ku naɗa mutum biyu da za su riƙa raka duk wanda aka ƙwace wa waya zuwa kotu har a gama, don kada a bar shi shi kaɗai da dattawan ban haƙuri. Hukunci mafi tsanani ku bar shi ga wanda ya kashe rai, inda doka da addini da zuciyar jama'a suka haɗu, inda kuma shaidu za su yarda su yi magana.

Idan ɗan takara ya zo, kada ku tambaye shi ko zai sa hannu a kashe, zai ce e, ba abin da zai rage masa. Ku tambaye shi ko zai riƙa buga alƙaluma duk wata: mutum nawa aka kama da makami, nawa aka gurfanar, nawa aka ɗaure, nawa aka sallama da dalilin sallamar, da sunan duk wanda ya tsaya musu beli. Ku kuma dubi samarin da suka rako motarsa, da abin da ke cikin hannun rigarsu.